Tsuntsu da jirgin sama

1. Hanya ɗaya, masu bi biyu

In bazara ta yi nisa, shamuwa takan sauko ƙauyukanmu na ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Takan yi sheƙa bisa gawo ko tsamiya a tsakiyar gari. Ba mai jifar ta, don zuwanta bushara ne: damina ta kusa, sai a share gona, a fiddo iri. In kaka ta yi, sai ta kama hanyar kudu, ta ƙetare ƙasashe da yawa, ba ta komowa sai baɗi.

Shamuwa ba ita kaɗai ke bin sararin sama ba. Kun san shirwa mai ɗaukar ƴan tsaki. Kun san angulu, da hankaka, da hasbiya, da balbela mai bin shanu. Kun san janbaki masu sauka cikin gonar hatsi kamar hadari. Tun fil azal sama hanyarsu ce.

A shekarar 1903 jirgin sama ya shigo wannan hanya. Wasu ƴan'uwa biyu na ƙasar Amurka, masu suna Wright, su ne suka fara tashi da jirgi mai inji. Ba a daɗe ba, a 1905, ɗayansu ya buge tsuntsu da jirginsa. Tun daga ranan har yau, jirgi da tsuntsu suna gamuwa.

Yara, ga tambayar darasinmu: yaya tsuntsun da bai fi kilo ɗaya ba zai ɓata injin jirgi mai ɗaukar mutum fiye da ɗari? Kuma mene ne maganin abin?

2. Yadda injin jirgi ke aiki

Manyan jiragen da ke kai alhazanmu Makka daga Yamai suna da inji biyu, wasu huɗu, rataye ƙarƙashin fikafikai. Kowane inji kamar babbar ganga yake, bakinsa a buɗe. Bakin wani ma, mutum zai tsaya cikinsa kansa bai taɓa sama ba.

A bakin injin akwai fanka babba mai hannuwa wajen 20 ko fiye. In jirgi zai tashi, fankar wani inji takan juya kusan sau 5.000 a minti ɗaya. Injin yana aiki huɗu, bi da bi:

Na ɗaya, yana zuƙo iska da fankarsa.
Na biyu, yana matse iskar da wasu ƙananan fankoki na ciki, kamar yadda maƙeri ke matse zugazugi.
Na uku, yana fesa wa iskar kananzir, wuta ta kama.
Na huɗu, iskar tana fita ta baya da ƙarfi, sai jirgi ya tunkuɗa gaba.

Ku hura balan-balan, ku sake shi ba ku ɗaure bakinsa ba. Iska za ta fita ta baya, shi kuwa ya ruga gaba. Haka jirgi yake tafiya.

To, inji ba ya zaɓen abin da yake zuƙowa. Duk abin da ya gitta gaban bakinsa, iska ko ƙura ko tsuntsu, ciki zai shiga.

3. Ƙarfin yana cikin sauri

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tsuntsu nama ne da gashi da ƙashi marar nauyi. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne saurin jirgi.

Ku riƙe wannan ƙa'ida: in sauri ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu yakan ninka sau huɗu. In sauri ya ninka sau uku, ƙarfin bugu yakan ninka sau tara.

Ga misali. Mota tana gudun kilomita 90 a awa bisa hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, sai kurciya ta bugi madubinta. Direba zai ji ƙara, wani lokaci ma madubin ya tsage. Jirgi kuwa in zai rabu da ƙasa, gudunsa yakan kai kilomita 270 a awa. Ya ninka na motar sau uku ke nan. Saboda haka bugun kurciyar nan zai ninka sau tara.

Bari mu auna da abin da muka sani. Shamuwa tana da nauyin kilo ɗaya da ɗan wani abu. In jirgi mai gudun kilomita 270 a awa ya gamu da ita, kamar a sako buhun hatsi ne mai tiya 40, wato kilo 100, daga bisan ɗaki mai tsawon mita 3. Angulu takan kai kilo 2. In jirgi mai gudun kilomita 360 a awa ya gamu da ita, kamar buhun nan ne ya faɗo daga kan goriba mai tsawon mita 10. Kuma duk ƙarfin nan yana sauka a wuri ɗaya da bai fi faifai faɗi ba.

Za ku ce, don me matuƙi ba ya kaucewa? Jirgi mai gudun kilomita 270 a awa yana cin mita 75 a daƙiƙa ɗaya. In matuƙi ya hango tsuntsu a mita 150, daƙiƙa biyu kawai suka rage masa. Kafin ya juya wannan babban jirgi, an riga an gamu.

4. Abin da ke samun inji

Kun san abin da ke faruwa in tsakuwa ta faɗa cikin injin niƙa. Sai ƙararsa ta canza, ya yi ta jijjiga, mai inji ya ruga ya kashe shi. Haka nan injin jirgi.

In ƙaramin tsuntsu ne guda, sau da yawa fanka takan yayyanka shi, ya fita ta baya tare da iska. Matafiya ba su ma sani. In babba ne, yakan lanƙwasa hannun fanka ko ya karya shi. Fankar da ta rasa hannu ɗaya ba ta juyawa daidai, kamar ƙafar keke da ta karkace. Sai inji ya kama rawa. Guntun ƙarfen da ya karye yakan shige ciki ya karya waɗansu. In iska ta daina wucewa yadda ya kamata, sai a ji ƙara kamar ta bindiga, a ga harshen wuta ta baya, ƙarfin inji ya ragu ko ya mutu.

Masu ƙera jirage sun san da haka. Kafin a yarda a sa sabon inji a jikin jirgi, sai an gwada shi. Akan harba masa mataccen tsuntsu da wata babbar bindiga mai aiki da iska, yana cikin juyawa. Tsuntsun gwaji yakan kai kusan kilo 2, na manyan injuna ya fi kilo 3. Ba a ce dole injin ya ci gaba da aiki ba bayan irin wannan bugu. Abin da ake nema shi ne a iya kashe shi lafiya, kada ya kama wuta, kada guntayensa su huda jikin jirgi.

Sannan kowane babban jirgi mai inji biyu an ƙera shi yadda zai iya tashi ya sauka da inji ɗaya. Ana koya wa matuƙa haka, suna maimaitawa kowace shekara. Shi ya sa tsuntsu ɗaya ba kasafai yake kayar da jirgi ba. Babban haɗari shi ne garke: tsuntsaye da yawa su shiga inji biyu a lokaci guda.

5. Labarai huɗu na gaskiya

A Kano. A watan Mayu na 2021, wani jirgin kamfanin Max Air, ƙirar Boeing 737, ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Abuja. Yana ɗauke da mutum fiye da 100. Tashinsa ke da wuya sai ya gamu da tsuntsaye, suka taɓa inji. Matuƙin ya juyo ya sauka Kano, kowa ya fito lafiya. Ku lura da watan: Mayu farkon damina ne, lokacin da tsuntsaye ke yawan kai da kawowa a ƙasar Hausa.

A Habasha. Ran 15 ga Satumba na 1988, wani jirgin kamfanin ƙasar Habasha, shi ma Boeing 737, yana tashi daga garin Bahar Dar, bakin tabkin Tana. Sai garken hasbiya ya tashi gabansa. Hasbiyar nan dai da kuka sani, mai jan ido, mai kwana bisa rufin masallaci da na kasuwa. Ɗaya ba ta kai rabin kilo ba. Amma sun shiga inji biyun gaba ɗaya. Matuƙin ya yi ƙoƙarin komowa fili, injunan suka mutu kafin ya iso. Ya sauka cikin fako, jirgin ya kama wuta. Cikin mutum 104, mutum 35 suka rasu.

A Amurka. Ran 15 ga Janairu na 2009, wani jirgi ƙirar Airbus A320 ya tashi daga birnin Niyok da mutum 155. Bai daɗe da tashi ba ya shiga garken dinya irin ta ƙasar Kanada, kowace ta fi kilo 3. Inji biyun duka suka mutu. Ƙarƙashinsa gidaje ne da mutane ba iyaka. Matuƙin, mai suna Chesley Sullenberger, ya ga ba zai kai kowane fili ba. Sai ya lallaɓa jirgin ya sauke shi bisa ruwan kogin Hudson, cikin tsananin sanyi. Jiragen ruwa suka rugo suka kwashe mutane. Ko mutum ɗaya bai rasu ba.

A Abijan. Ran 29 ga Nuwamba na 1973, wani jirgi yana wucewa bisa birnin Abijan, can sama ƙwarai, a mita 11.300. Sai wani abu ya shiga injinsa ɗaya ya lalata shi. Jirgin ya sauka lafiya. Da aka duba, aka sami gashin tsuntsu, aka kai wa masana a Amurka. Suka ce mikiya ce, babbar angulun nan ta daji da ke ƙasashenmu na Sahel. Dutsen da ya fi tsawo a Nijar yana ƙasar Abzin, cikin duwatsun Bagzam, tsawonsa mita 2.022. Ashe mikiyar nan ta ninka shi fiye da sau biyar. Har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya wuce ta nisa a sama ba.

6. Inda aka fi gamuwa

Labarin mikiya ba kullum ake samun irinsa ba. Yawancin tsuntsaye kusa da ƙasa suke yawo, inda abincinsu yake. Masu lissafin wannan al'amari sun gano cewa cikin gamuwa 10, wajen 9 suna faruwa a filin jirgi ko kusa da shi, lokacin tashi ko lokacin sauka. Labarin Kano, da na Bahar Dar, da na Niyok, duk wajen tashi ne.

To, me ke kawo tsuntsu filin jirgi? Angulu ba ta jewar banza. Abu uku tsuntsu ke nema: abinci, da ruwa, da wurin kwana.

Ku duba garinku. Ina angulu da shirwa da hankaka ke taruwa? A mahauta, da bayan kasuwa, da bisa juji. Ina balbela da zalɓe da kirinjijiya ke taruwa? A bakin tabkunan Tasawa, da kududdufan Gulbin Kaba in ruwa ya kwanta da damina. Ina hasbiya da kurciya ke taruwa? A masussuka, da inda hatsi ya zube. Ina shamuwa ke kiwo? Cikin ciyawa, inda fara ta yi yawa.

Filin jirgi wuri ne mai faɗi, mai ciyawa, ba jama'a, ba karnuka. In aka bar juji kusa da shi, ko mahauta, ko ruwa kwance, an shimfiɗa wa tsuntsaye tabarma ke nan.

7. Rigakafi

A Nijar muna da filayen jirgi a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Agadas, da Difa. Babbansu shi ne na Yamai, mai sunan Diori Hamani. Hukumar ASECNA, wadda ƙasashen Afirka da dama suka haɗu cikinta tun 1959, ita ke lura da zirga-zirgar jirage a samanmu. Akwai kuma hukumar duniya mai kula da jiragen sama, wadda mazauninta ke birnin Montreal na ƙasar Kanada. Ta ba da shawara a sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsaye har nisan kilomita 13 kewaye da filin jirgi.

Ma'aikatan filayen jirgi suna da dabaru iri biyu.

Dabara ta farko kora ce. Da yawanku kun yi gadin gona lokacin da hatsi ya fara nuna. Kun hau rumfa da majaujawa, kun kaɗa gwangwani, kun kafa mutum-mutumi. Aikin ma'aikatan nan ya yi kama da naku. Suna zagaya hanyar jirgi da mota kafin jirgi ya tashi. Suna harba abin ƙara. Suna sa muryar tsuntsu mai kukan tsoro cikin lasifika. A wasu ƙasashe suna amfani da karnuka ko horarren shaho. Wasu filayen suna da na'urar da ke hango garken tsuntsaye daga nesa, a gaya wa matuƙi ya dakata.

Amma duk wanda ya yi gadin gona ya san abu ɗaya: bayan kwana kaɗan tsuntsu yakan saba da mutum-mutumi, har ya sauka bisa kansa. Muddin abinci na nan, kora ba ta ƙarewa.

Shi ya sa dabara ta biyu ta fi. Ita ce a raba tsuntsu da abin da ya kawo shi. A cike ramukan da ruwa ke kwanciya. A gyara ciyawa. A hana shuka hatsi da dawa cikin shingen fili. A nisanta juji da mahauta. A binne mushe. In babu abinci, babu ruwa, babu wurin kwana, tsuntsu da kansa zai nemi wani wuri.

8. Kada mu ga laifin tsuntsu

Wani zai ce, to a kashe tsuntsayen mana a huta. Wannan ba dabara ba ce. Shamuwa da balbela suna cinye fara da tsutsa masu ɓata amfanin gona. Angulu tana share mushe kafin ya ruɓe ya kawo cuta. Ku tambayi kakanninku yawan angulun da suke gani a kasuwa suna yara, ku gwada da na yau. Ta ragu ƙwarai, saboda guba da masu kama ta don haɗa magani. Tun 2015 masana na duniya suka sa angulu da mikiya cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Ko an kashe garke ɗaya, in juji na nan, gobe wani garken zai zo. Matsalar a sama take bayyana, amma daga ƙasa take farawa, inda muke zuba shara. Tsabtar gari tana kare lafiyarmu, tana kare matafiya, tana kare tsuntsaye.

Abin riƙewa

Injin jirgi yana zuƙo duk abin da ya gitta gabansa. Sauri ne ke ba ƙaramin tsuntsu ƙarfi: in sauri ya ninka sau biyu, bugu ya ninka sau huɗu. Garke ya fi tsuntsu ɗaya haɗari, don yana iya kashe inji biyu. An fi gamuwa wajen tashi da sauka. Babban magani shi ne a nisanta abinci da ruwa da wurin kwana daga filin jirgi.

Kalmomi da Faransanci

jirgin sama: l'avion
inji: le moteur
matuƙi: le pilote
filin jirgi: l'aéroport
shamuwa: la cigogne
angulu: le vautour
sauri: la vitesse

Tambayoyi

1. Ku faɗi ayyuka huɗu na injin jirgi, bi da bi.
2. Don me matuƙi ba ya iya kauce wa tsuntsu?
3. Hasbiya ƙarama ce. Me ya sa ta kayar da jirgi a Bahar Dar?
4. Mene ne bambancin labarin Abijan da sauran ukun?
5. Waɗanne abubuwa uku ke kawo tsuntsu filin jirgi?
6. Don me kashe tsuntsaye ba magani ba ne?

Lissafi

1. Jirgi yana cin mita 75 a daƙiƙa ɗaya. Matuƙi ya hango garken balbela a mita 300. Daƙiƙa nawa suka rage?
2. Mota tana gudun kilomita 60 a awa, jirgi yana gudun kilomita 240 a awa. Sau nawa saurin jirgi ya ninka na mota? Sau nawa ƙarfin bugu zai ninka?
3. A Bahar Dar akwai mutum 104 cikin jirgi, 35 suka rasu. Mutum nawa suka tsira?

Aikin gida

Ku zaɓi wuri ɗaya a garinku: bakin tabki, ko bayan kasuwa, ko masussuka. Ku je da safe, ku koma da marece, har kwana uku. Ku rubuta sunayen tsuntsayen da kuka gani, da yawansu, da abin da suke ci. Ku zana taswirar garin, ku sa alama inda suke taruwa. Sannan ku nuna a taswirar inda ya kamata a yi filin jirgi in da za a yi, ku faɗi dalilinku.